Harawa kafin karas: yadda nake ciyar da ɗan zomo har ya yi ƙwari

Zomonmu na farko kwana tara ya yi a gidanmu. Na sayo wa 'yata shi a kasuwa ranar da ta kai izu goma a Islamiyya, ɗan mitsitsi, fari tas mai jan ido, tafin hannuna ɗaya ya ishe shi zama. Mai sayarwar ya ce mini in riƙa ba shi kabeji da karas, kuma kada in kuskura in ba shi ruwa. Muka bi maganarsa, har muka ƙara masa da madarar gwangwani a murfin kwalba saboda mun ga ƙanƙantarsa. Rana ta takwas zawo ya kama shi, gari na wayewa muka same shi ya sandare a kusurwar kwali. Yarinyar nan ta yi kukan da har yau ina jin sa a raina. Shekara shida ke nan, kuma tun daga lokacin gidanmu bai rabu da zomaye ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na koya a hannun wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana kiwonsu, da likitan dabbobin da nake kai wa, da kuma abin da idona ya gani a keji.

Kuskuren farko tun a kasuwa aka yi shi. Ɗan zomon gida tsirara ake haifarsa, ba gashi, ido a rufe, bayan uwar ta yi goyon ciki na kusan kwana 31. Idonsa yakan buɗe wajen kwana 10 zuwa 12. Sai ya kai kamar mako uku yake fara fitowa daga sheƙa yana ɗan tsakurar abin da uwarsa ke ci, amma har lokacin nono ne ke riƙe da shi. Masu kiwon kasuwa sukan yaye su a mako huɗu zuwa shida don uwar ta sake ɗaukar ciki da wuri. Ni dai ba na raba ɗa da uwa sai ya cika mako takwas, kuma ba na sayen wanda bai kai haka ba, komai kyansa. Namu na farko, yanzu da na san girmansu, ina jin ko mako huɗu bai cika ba. Idan za ka saya, ka tambayi ranar haihuwa, ka ce a nuna maka uwar, ka tsaya ka ga ɗan yana cin busasshen abinci da bakinsa kafin ka miƙa kuɗi.

Dalilin wannan jira yana cikin cikinsa. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke narkar masa da ciyawa. Jariri ba ya zuwa duniya da su. Daga uwarsa yake samu, har da cin kashinta, kuma sai a hankali suke zama daram. Tsakanin yaye da wata uku wannan jaka tana da saurin rikicewa ƙwarai. Abinci mai zaƙi ko mai gari da yawa, ko sauyin abinci na farat ɗaya, yana sa munanan ƙwayoyin su rinjayi na kirki, sai kumburi, sai zawo, kuma ɗan zomo mai zawo yana iya mutuwa cikin kwana guda. Ga shi zomo ba ya amai. Duk abin da ya haɗiye, hanya ɗaya gare shi.

Saboda haka abincinsa na asali busasshiyar ciyawa ce da harawa, dare da rana, ba yankewa. Turawa masu ajiye zomo a ɗaki suna ba ƙanana wata harawa da ake kira alfalfa saboda tana gina jiki da ƙashi. Mu a nan Allah ya hore mana dangin ta a ƙofar gida: harawar gyaɗa da harawar wake. Na fi son ta gyaɗa, don ganyenta ya fi laushi kuma zomaye suna cinye ta har da ƙananan karare. Da kaka nake saye, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake cire gyaɗa kuma dami yana da sauƙi. Wanda ya bari sai masu kiwon ragunan layya sun shigo kasuwa, ya san abin da zai biya.

Ba kowace harawa ake ɗauka ba. Ka zare daga tsakiyar dami, kada ka tsaya a na waje. Mai kyau koriya ce shar, ganye a jikinta, tana ƙamshi. Wadda ruwan ƙarshen damina ya daka ta yi baƙi, ko ka ga fari-farin fumfuna, ko ka shinshina ka ji warin rima, ka bar ta ko kyauta ce. Gubar da fumfuna ke saki a gyaɗa da masara tana lalata hanta, kuma zomo na cikin dabbobin da ba su jure ta ko kaɗan. Ka kakkaɓe ƙasa da ƙura kafin ka ba shi, ka kuma tsince ragowar 'ya'yan gyaɗar da suka maƙale a saiwa, don sun yi masa maiƙo kuma a jikinsu fumfunar ta fi zama. Ajiyarta a kan katako ko a rataye cikin buhu, inda iska ke ratsawa kuma ɓera ba ya kaiwa.

Harawa kaɗai ba ta isa ba, ina haɗa ta da busasshiyar ciyawa tun suna ƙanana. Da damina ta ja baya nakan sa a yanko mini kyasuwa da burburwa da harkiya kafin su tsufa su zama tsinke, in shanya a inuwa, in cusa a buhu. Dalilina shi ne zomon da ya tashi da harawa zalla, in ya girma ka kawo masa ciyawa sai ya kau da kai, alhali babba ciyawar ya fi buƙata. Kullum yana samun tulin da ya kai girman jikinsa. Kada ka zuba a ƙasan keji inda zai taka ya yi fitsari a kai. Na lanƙwasa ragar waya na ɗaure a jikin keji kamar aljihu, ina cusa harawar a ciki, shi kuma yana zarowa ɗaiɗai. Wadda ta faɗo ta ɓaci a share ta da safe.

Akwai kuma maganar haƙori. Zomo haƙora 28 gare shi, kuma dukansu ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kusan milimita biyu a mako. Niƙan ciyawa, muƙamuƙi na kai da kawowa gefe da gefe, shi ke goge su. Wanda aka saba wa da abinci mai laushi, turamensa sukan yi tsini su yanki harshe ko kumatu, ka ga yana dalalar da miyau, haɓarsa a jiƙe, ya zo gaban abinci ya kasa ci. Na taɓa karɓar irin wannan daga hannun wani abokina, sai da likita ya sa masa maganin barci ya rage haƙoran.

Ranar da ka kawo shi gida, kada ka sauya masa komai. Ka tambayi mai shi ainihin abin da yake ba su, ka roƙi ko ka sayi na mako guda. Rabuwa da uwa, da jijjigar hanya, da baƙon wuri, sun ishe shi damuwa. Ka ajiye shi inda babu hayaniya, ka hana yara ɗauka na kwana biyu zuwa uku, ka sa masa harawa da ruwa da abincin da ya saba. In za ka mayar da shi kan naka abincin, ka yi a cikin kwana bakwai zuwa goma: kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a kwanakin farko, sannan rabi da rabi, sannan kashi uku, har tsohon ya ƙare. Ko buhu ka sauya daga wani kamfani zuwa wani, haka za ka bi.

Abincin buhu na zomo, wanda ake kira felet, yana taimaka wa mai tasowa idan ka samu na kirki. Ka duba takardar jikin buhun: sinadarin gina jiki wajen kashi 16 cikin 100 ya yi wa ƙarami, kuma ka zaɓi wanda aka yi da ciyawa da yawa a ciki. Wasu suna cewa a bar wa ƙarami felet ya ci iya cinsa har wata shida. Ni ba na yin haka, don na lura in kwano a cike yake kullum sai ya manta da harawa. Ina zuba masa cikin hannu ɗaya da safe, ɗaya da yamma, in na ga harawar ba ta raguwa sai in rage felet ɗin. Inda babu felet, dusar alkama ko ta masara mai kyau tana tsayawa a madadinsa, 'yar kaɗan, a yayyafa mata ruwa don kada ƙurarta ta shige masa hanci, a ɗan barbaɗa gishiri da bakin yatsa. Abin da bai cinye ba cikin awa biyu zuwa uku a zubar a wanke kwanon, don jiƙaƙƙiyar dusa ba ta daɗewa take tsami, balle da zafi.

Abincin kaji kuwa ka nisanta shi da shi. Na san da yawa suna bayarwa saboda shi ne a kusa. Masara ta yi yawa a ciki, na kajin ƙwai an cika masa sinadarin ƙashi fiye da abin da ƙodar zomo ke so, sannan wasu ana zuba musu maganin cutar hanjin kaji wanda guba ne ga zomo.

Sai ɗanyen ganye, inda mutane suka fi yin asara. A nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Ɗan da ya tashi a keji ɗaya da uwar da ke cin ɗanyen ganye kullum, yana tsakura tare da ita tun yana mako uku, cikinsa ya saba, sai ka ci gaba da ba shi irin ganyen da ya sani. Wanda ka sayo ba ka san tarihinsa ba, ko wanda aka raina da felet da dusa, kada ya ga ɗanye sai ya cika mako 12. Sannan ka fara da iri ɗaya tak, guntun da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, ka jira kwana guda ka duba kashinsa. In ya fito a bushe yadda ya saba, ka ɗan ƙara gobe. Bayan kwana uku ko huɗu ka shigo da iri na biyu. In kashi ya yi laushi, ka janye ganyen, ka bar shi da harawa da ruwa har ya daidaita. Amfanin bi ɗaya-ɗaya shi ne in abu ya ɓaci ka san wane ganye ne.

Da ganyen dankalin Hausa nake farawa, da harantama, wannan ciyawar mai ɗan farin fure da ke fitowa a gefen katanga, wadda zomaye ke rububinta. Daga nan ganyen karas, wanda masu kayan gwari ke yankewa su zubar, sai zogale kaɗan, da ganyen gwanda, da ɗanyen ganyen gyaɗa ko na wake. Alayyahu jefi-jefi. Kabeji ba na ba ƙarami sam saboda yana tara iska a ciki, babba ma ɗan ganye guda. Dattijon nan da na ambata shi ya koya mini kada in ba su ganye da raɓa ko ruwan sama a jikinsa. Ya ce, "Malam, yanko da safe, baza a inuwa, ka ba su da la'asar in ya yi yaushi." Haka nake yi har yau. Kada kuma ka bar shi a tule cikin leda ko buhu, zai ɗau zafi ya fara ruɓa.

Inda aka yanko ganyen ma abin dubawa ne. Yanzu feshi ya yi yawa, na kashe ciyawa da na ƙwari. Gefen gona, da lambun rani, da bakin titi, da bakin kwata, duk ban yarda da su ba sai na san mai wurin na tambaye shi. Ganyen kasuwa ina wanke shi sosai in bari ya tsane. Da na gaji da fargaba sai na dasa dankali a tsofaffin buhuna uku a bayan ɗaki, da zogale biyu, kuma su ke riƙe da mu duk rani.

Akwai waɗanda ko kusa da keji ba a kai su: tumfafiya, zurma, zaƙami, bini-da-zugu, duman rafi, ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa, ganyen tumatir da na dankalin Turawa, albasa, tafarnuwa, da fiya. Haka gyauron dawa, wanda duk makiyayi ya san yana kashe dabba. Kada ka dogara da cewa dabba ta san abin da zai cutar da ita. Zomon keji abin da ka miƙa masa shi zai ci, kuma in yara ne ke yanko ciyawa, ka zazzage ka duba da kanka kowace rana.

Karas ɗin da kowa ke haɗa zomo da shi, alewa ce a wurinsa. Zaƙinsa ya yi yawa. Ƙarami ba ya samu a gidana sai ya haura wata shida, sannan yanki kamar kan babban yatsa, sau biyu a mako. Ayaba da kankana da mangwaro ma haka. Ragowar tuwo, shinkafa, burodi, biskit, ƙuli-ƙuli, tsabar masara ko gero, babu ko ɗaya. Wannan doka ta fi wuya a kan yara da baƙi, don zomo in ya miƙe a ƙafafun baya yana motsa hanci, da wuya mutum ya hana shi. Abin da na yi, na ware wa yara aikin miƙa ganyen la'asar da hannunsu, sai kowa ya samu abin da yake so.

Maganar cewa zomo ba ya shan ruwa, ban san inda ta samo asali ba a kasuwanninmu, amma ta kashe zomaye da yawa. Wanda ke cin ɗanyen ganye zalla yakan sha kaɗan, shi ya sa ake ganin kamar ba ya sha. Mai cin harawa da dusa yana sha sosai, kusan mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, fiye da haka da zafi, kuma in babu ruwa sai ya daina cin abinci. Ina amfani da ƙaramin kasko na ƙasa, mai nauyin da ba zai kifar ba, marar zurfi, kuma yana sanyaya ruwa. Ruwan da za ka iya sha shi za ka ba shi, a sauya safe da yamma, a wanke kaskon kullum. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, zomo yana wahala ƙwarai, don tun daga wajen digiri 30 yake fara galabaita, kuma ta kunnuwansa yake fitar da zafi. Za ka ga ya miƙe yana haki ya ƙi abinci da rana. Ka mayar da keji inuwa mai iska, ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, ka kai babban abincinsa bayan magariba da kuma asuba, da ma lokacin ne ya fi ci.

Kowace safiya kafin in zuba komai, ƙarƙashin keji nake fara dubawa. Kashin lafiya ƙwallaye ne busassu, girmansu ɗaya, masu yawa, in ka murƙushe ka ga garin ciyawa. In sun ƙanƙance sun yi baƙi sun ragu, harawa ta yi kaɗan ko ruwa. Akwai wani kashi na daban, mai laushi da sheƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi ƙanana, mai wari. Wannan zomo yana cinye shi kai tsaye daga jikinsa, galibi da dare ko da sassafe, kuma abinci ne a gare shi, yana samun sinadaran da bai samu a zagayen farko ba. In ka gan shi yana yi kada ka hana. In kuwa kana yawan ganin irin wannan a zube ko ya manne masa a gindi, felet ko dusa sun yi yawa, ka rage.

Abu biyu ne ba a kwana da su. Na ɗaya zawo mai ruwa ko mai majina. Na biyu zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure wuri ɗaya, ciki a kumbure, wani lokaci yana cizon haƙora. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Sau da yawa zawon ƙanana daga cutar kwaksidiyosis ne, wadda masu kiwon kaji suka sani, tana yaɗuwa ta kashin da ya gauraya da abinci ko ruwa, shi ya sa nake nacewa a kan ɗaga harawa sama da wanke kwano. Ina roƙonka kada ka buɗe kafso na mutane ka zuba masa. Amoksisilin da ampisilin da linkomaisin, in zomo ya sha su ta baki, suna kashe ƙwayoyin kirkin nan na cikinsa, maganin da kansa ya zama ajalinsa. Kafin ka isa asibiti ka janye ganye da dusa, ka bar harawa, ka ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan ta gefen baki da sirinji marar allura.

Wani lokaci uwa takan mutu ta bar jarirai. Kafin ka yanke cewa uwa mai rai ta yi watsi da 'ya'yanta, ka sani sau ɗaya ko biyu take shayarwa a kwana, minti kaɗan, yawanci cikin dare. In cikinsu a cike yake da safe, jikinsu da ɗumi, fata ba ta yamutse ba, to tana shayar da su. In marayu ne da gaske, abin da ya fi shi ne a sa su cikin 'ya'yan wata zomanyar da ta haihu kusan lokaci ɗaya. In babu, nonon akuya da aka tafasa ya huce ya fi na saniya, ko da yake duka biyun ba su kai na zomanya kauri ba, wanda maiƙonsa ya ninka na saniya kusan sau uku. Kowane ɗa a ba shi mililita biyu zuwa biyu da rabi sau biyu a rana a makon farko, biyar zuwa bakwai a mako na biyu, a riƙe shi a zaune kada a kwantar da shi rigingine, ɗigo-ɗigo don kada ya shaƙe. Bayan ya sha a shafa masa mara da auduga mai ɗumi har ya yi fitsari. Na gwada sau ɗaya da guda biyar, biyu suka rayu.

Daga wata shida zuwa bakwai girma ya fara tsayawa, sai a juya lissafi a hankali cikin makonni: ciyawa ta zama mafi yawa, harawar gyaɗa ta koma ƙari, felet ya sauka zuwa kamar giram 25 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ganye kuma ya ƙaru zuwa iri uku ko huɗu. Kafin a kai nan, duk ranar Juma'a ina ɗora kowane ƙarami a sikelin kicin cikin roba in rubuta a littafi. 'Yata ce ke riƙe da littafin yanzu. Muddin lambar tana hawa mako bayan mako, ba na taɓa komai a abincin. In ta tsaya mako biyu a jere, ko na shafa bayansa na ji ƙashin ya fito, sai in duba haƙora, in duba kashi, in zaro harawa daga tsakiyar buhu in shinshina.